Bindigar Ƙanƙara: Me Ya Kamata Mai Son Fara Harbi Da Ita Ya Sani?

Shin bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki, wadda dutsen ƙanƙara ke tayar mata da wuta, abu ce da saurayi zai koya wa kansa daga kallon bidiyo a salula? Tambayar takan taso a Damagaram bayan kowane hawan Salla, idan ƴan bindiga sun cika ƙofar fada da hayaƙi, samari kuma suka koma majalisa suna nuna wa juna bidiyon Amurkawa masu harbin allo da dogayen bindigogi irin na kakanni. Wasu na cewa ai kayan tarihi ce, ba ta da wani haɗari sai ƙara. Wasu na cewa doka ba ta san da ita ba. Akwai kuma masu ganin cewa gwanin harbi shi ne wanda ya fi kowa cika mata ciki.

Duka ukun kuskure ne, kuma tushensu ɗaya. A bindigar zamani, masana'anta ce ta auna albarushi, ta zaɓi nauyin dalma, ta rufe su cikin harsashi, mai harbi ya saka kawai ya ja kunama. A bindigar ƙanƙara kuwa, wannan aikin gaba ɗaya yana wuyan mai harbi, kuma sabo yake yin sa a kowane harbi, da hannunsa, fuskarsa kusa da bututu. Wanda bai fahimci wannan ba bai isa ya taɓa ta ba tukuna.

Wace bindiga ake nufi?

Mutane kan haɗa duk bindigar da ake ɗurawa ta baki su kira ta adaka, ko harba-ka-ruga, ko bindigar gargajiya. Amma iri-iri ce, kuma abin da ya raba su shi ne yadda wuta ke isa ga albarushi. Ta farko da lagwani mai ci ake kunna ta. Ta biyu ita ce ta ƙanƙara, wadda siffarta ta kammala a Faransa a farkon ƙarni na 17, ana kuma danganta aikin ga wani maƙeri mai suna Marin le Bourgeoys na garin Lisieux. Ta yi kusan shekara 200 tana mulkin fagen fama. Ta uku ta biyo bayan binciken wani limamin coci ɗan Sikotilan, Alexander Forsyth, wanda ya yi rajistar dabararsa a 1807. Daga nan aka samu ƴar hular tagulla da ake kifawa a kan wani ɗan hanci, guduma ta doke ta, wuta ta shiga. Da yawa daga cikin bindigogin da ke hannun mafarauta a yau wannan zubin na uku suka bi, ko da siffarsu ta tsufa.

Akwai wani rabon kuma, na cikin bututu. Wani bututun cikinsa sumul yake. Wani kuwa an yi masa tsagogi masu murɗewa tun daga gindi har baki, domin curin dalma ya fito yana juyawa, juyin ya hana shi kauce wa hanya. Mai sumul ɗin ciki ba a cika dogara da ita ba idan nisa ya wuce mita 50 zuwa 70. Mai tsaga kuwa, a hannun gwani, tana samun abin da aka auna a mita 150 har fiye. Dogayen bindigogin da ake gani a bidiyon Amurka masu tsaga ne, zuriyar waɗanda maƙera ƴan asalin Jamus suka fara ƙerawa a Pensilbeniya a ƙarni na 18.

Dalilin da ya sa tamu ta bambanta da tasu

Damagaram ba baƙuwar albarushi ba ce. A zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarin Sahara na kawo bindigogi daga wajen Tarabulus, a cikin Birni kuma ana haɗa albarushi, ana zuba igwa. Da ƙarfin wannan wuta masarautar ta faɗaɗa, har ɗansa Amadu Kuren Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano. Amma a Tirmini, a watan Yuli na 1899, dakarunsa sun gamu da sojan Faransa masu bindigogin da ake ɗurawa ta gindi, masu tsaga, masu nisan zango. Tazarar da ke tsakanin makaman biyu ba ta jarumta ba ce, kuma da gangan aka bar ta a buɗe.

A 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu a kan wata yarjejeniya a birnin Burusel, wadda ta taƙaita shigo da makaman zamani cikin wani babban yanki na Afirka, daga layi na 20 arewa da tsakiyar duniya zuwa layi na 22 kudu da ita. Zinder, wato Damagaram, na cikin wannan yanki. Abin da aka bari a sayar wa ƴan ƙasa shi ne bindigar ƙanƙara marar tsaga, da albarushin kasuwa. Masana'antun Bamingam a Ingila da Liyej a Beljiyam suka ci gaba da ƙera irin wannan don kasuwar Afirka, bayan sojojinsu sun daɗe da ajiye ta. Shi ya sa gadon da ya iso hannunmu na bututu mai sumul ne, wanda ake cusa wa duk abin da aka samu, a harba daga kusa. Al'adar auna komai da ma'auni, wadda bindiga mai tsaga ke tilasta wa mai ita, ba ta samu wurin zama a nan ba. Wanda zai fara yau sai ya koye ta daga tushe.

Yadda wutar ke tashi

Duk wanda ya taɓa ganin tsoho na kunna wuta da ƙyastu ya riga ya san rabin sirrin. A gefen dama na bindigar akwai wata ƙugiya mai muƙamuƙi biyu da ke riƙe da dutsen ƙanƙara, an naɗe shi da ƴar fata don kada ya zame. A gabanta akwai wani ƙarfe a tsaye, wanda ƙasansa ya zama murfin wani ɗan kasko. Cikin kaskon ake barbaɗa albarushi kaɗan. Idan aka ja kunama, ƙugiyar ta zabura gaba, dutsen ya kankare fuskar ƙarfen, murfin ya buɗe, tartsatsi ya zuba cikin kasko. Wutar kaskon ce ke bi ta wata ƴar kafa a jikin bututu ta kama babban ɗurin da ke ciki.

Tartsatsin nan ba ɓarɓashin dutse ba ne, ɓarɓashin ƙarfe ne da dutsen ya yanko yana ja wur. Saboda haka dutse mai dakusasshen baki ba ya ba da wuta, haka ma ƙarfen da ba a yi masa kyakkyawan horo a maƙera ba, ko wanda mai ya shafa. Duwatsun da suka yi suna su ne baƙaƙen Brandon a Ingila da masu launin zuma na Meusnes a Faransa. Dutse ɗaya yakan yi harbi gommai kafin bakinsa ya mutu, a sassaƙe shi ko a sauya.

Ƙugiyar tana da matsayi biyu: rabin ɗani, inda kunama ba ta iya sakin ta, da cikakken ɗani, inda take jiran yatsa. Rabin ɗani shi kaɗai ne makullin bindigar, kuma ƙarfe ne mai iya lalacewa. Kafin a zuba ko ƙwaya ɗaya ta albarushi, a gwada shi da bindiga babu komai a ciki. In ya saki, maganar harbi ta ƙare sai an gyara.

Albarushi: inda mafi yawan ɓarna take

Abu ɗaya ne ya halatta a cikin wannan bututu, wato baƙin albarushi na asali, haɗin gawayi da farar wuta da wani gishiri mai ciyar da wuta. Garin da ke cikin harsashin zamani wani abu ne dabam. Wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da shi a 1884, kuma matsin da yake haifarwa ya zarce abin da aka ƙera bututun ɗuri ya ɗauka. Wanda ya fasa harsashin zamani ya juye garinsa a adaka, bam ya haɗa, ya kuma kara shi a kumatunsa. Launi ba ya raba su, domin shi ma garin zamanin yakan zo baƙi ko toka-toka. Haka kan ashana da garin abin wasan wuta na yara: ba a san ƙarfinsu ba, kuma wasunsu gugar sandar ɗuri kaɗai ta isa ta tayar da su. Garin da ba a san asalinsa ba, a bar shi.

Akwai kuma wasu garuruwan da aka yi don maye gurbin baƙin albarushi, kamar Pyrodex. Suna aiki a bindiga mai hula, amma suna bukatar zafin da ya fi na tartsatsin ƙanƙara, don haka a nan sai su yi ta ba da kunya.

Albarushin masana'anta yana zuwa da alamar girman ƙwayarsa: Fg shi ne mai manyan ƙwayoyi, sai FFg, sai FFFg, sai FFFFg mai laushi. Gwargwadon laushinsa, gwargwadon saurin cinsa da ƙarfin matsinsa. Manyan bututu FFg suke so, ƙanana FFFg. Shi FFFFg na kasko ne kawai, ba ya shiga cikin bututu.

Sai maganar awo. Ana auna shi da giren, giren ɗaya kuwa bai wuce miligiram 65 ba. Masu wannan harka suna da wata ƙa'ida ta mafari: bindigar da faɗin bakinta ya kai rabin inci, wato milimita 12.7, a fara mata da giren 50, kimanin giram 3 da ɗan ɗoriya. Wannan adadi na bindigar masana'anta ce da aka gwada aka buga wa hatimi, kuma takardar maƙerinta ita ke da magana ta ƙarshe. Ba ya aiki a kan bututun da ba a san tarihinsa ba. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi shi ne ƙanƙantar adadin. Masu awo da tafin hannu, ko masu ƙirga yatsu a jikin sandar ɗuri suna alfahari da yatsa huɗu ko biyar, sau da yawa ninkin wannan suke zubawa. Ƙarin gari ba ya ƙara saiti. Abin da yake ƙarawa shi ne dukan kafaɗa, da dauɗar bututu, da kusantar ranar da ƙarfe zai gaji.

Tsarin ɗuri

Ɗuri yana da jeri, kuma ba a sauya shi: gari, ƙyalle, dalma. Ana tsayar da gindin bindiga a ƙasa, bakinta na kallon sama ya ɗan karkata nesa da fuska, ƙugiya na rabin ɗani, kasko a buɗe babu komai. Daga ƙaho ko gwangwani ake zuba gari cikin ma'auni, a rufe ƙahon, sannan a juye ma'aunin cikin bututu. Ba a taɓa zubawa kai tsaye daga ƙaho. Idan akwai sauran garwashi a ciki daga harbin baya, wutar za ta biyo garin ta hau, kuma gara ta tarar da giram 3 a ma'auni da ta tarar da ƙaho cike a hannun mutum. Saboda wannan garwashin ne ma ake so mai koyo ya riƙa zura ɗan tsumma mai danshi, ya bi da busasshe, tsakanin harbi da harbi.

Daga nan sai a shimfiɗa ƙyalle a bakin bututu, a ɗora curin dalma a kai. Curin yakan ɗan gaza faɗin bututun, misali milimita 12.4 ga bututu mai 12.7, ƙyallen da kaurinsa bai kai rabin milimita ba shi ke cike gurbin, ya kama tsagogin. Dole ya zama auduga zalla, an shafa masa kitse marar gishiri. Yadin roba narkewa yake yi ya manne a ciki. Ana tura curin da gajeren sanda tukuna, sannan a bi da sandar ɗuri, ana riƙe ta kusa da baki ana turawa kaɗan-kaɗan don kada ta karye ta soki hannu, tafin hannu kuma ba ya rufe kanta.

A nan ne ƙa'idar da ta fi kowace muhimmanci take: sai dalma ta zauna daram a kan gari. Idan ta tsaya a rabin hanya, aka bar iska tsakaninsu, bututun na iya kumbura ko ya tsage. Maganin wannan mai sauƙi ne. Ranar farko da aka yi ɗuri daidai, a yi wa sandar alama a daidai bakin bututu. Daga ranar, duk ɗurin da alamar ba ta sauka wurinta ba, akwai magana: ko dalma ba ta kai ba, ko an manta gari, ko an yi ɗuri biyu. Mantuwa irin wannan hira ce ke kawo ta, shi ya sa ba a yi wa mai ɗuri magana.

Kasko ne na ƙarshe, kuma sai an tsaya a wurin harbi, baki na kallon allo. Kaɗan ake sawa, kada ya rufe kafar. Cika shi jinkiri yake kawowa.

Dalma kuwa tsantsarta mai laushi ake so. Ƙusa, guntun ƙarfe, ƙwallayen cikin gargaren keke, duk suna cinye tsagogi, suna kuma dawowa idan sun doki dutse, ga shi Zinder gari ne na duwatsu. Masu narka dalma da kansu su yi a fili, da tukunyar da ba za ta sake ganin abinci ba, nesa da yara da ɗigon ruwa. Wanda ya tuna yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010 ba ya bukatar dogon bayani a kan wanke hannu.

Idan ta ƙi tashi

Za ta ƙi, ko a hannun gwani. Wani lokaci dutse ya doka babu tartsatsi. Wani lokaci kasko ya ci, babban ɗurin ya yi shiru. Mafi haɗari shi ne ta yi jinkiri: wuta na tafiya a hankali a ciki, mai harbi ya ɗauka ta mutu, ya sauke ta ya juyo yana tambayar abokai, sai ta tashi. Duk lokacin da aka ja kunama ba a ji ƙara ba, a ci gaba da riƙe ta tana kallon allo na aƙalla minti ɗaya. Bayan nan a tsokaci kafar da siririyar waya ta tagulla, a goge dutse da ƙarfe, a sake sa gari a kasko. In ta ƙi sau da yawa, a jiƙa garin da ruwa ta kafar, a zaro dalmar da sukurun da ake ɗaurawa a kan sanda. Leƙa bakin bututu ko hura shi da baki ba ya cikin aikin.

Mai koyo ya san kuma cewa wuta biyu ce ke fita. Ɗaya ta baki, ɗaya ta kafar gefe, tana feshi zuwa dama tare da ɓarɓashin dutse. Kada kowa ya tsaya a wannan gefen. Tabarau da abin toshe kunne wajibi ne. Walƙiyar kaskon nan a gaban ido ita ke sa sabon hannu ya runtse ya kauce kafin dalma ta fita, kuma ba a rabuwa da wannan sai da atisaye: a ɗaura guntun itace a madadin dutse, a yi ta ja babu gari har hannu ya daina motsi. Sannan a fara da mita 25, bindiga a ɗore a kan buhun yashi, bayan allo akwai tudun ƙasa mai laushi. A gasar duniya ta wannan fanni harbi 13 ake yi cikin minti 30, a ƙirga 10 mafi kyau. Wasan masu haƙuri ne.

Bindigar gado da ƙirar gida

Gidaje da yawa a Birni da Zango da ƙauyukan Mirya da Magarya suna da tsohuwar bindiga a rataye a zaure ko a jingine bayan rumbu. Abu na farko da za a ɗauka game da ita shi ne cewa a ɗure take. Mutanen da sukan ajiye ta da ɗuri saboda ɓarawo ko kura, mai ita ya rasu, magada ba su sani ba. Baƙin albarushi kuwa, in bai jiƙe ba, shekaru ba sa kashe shi, kuma busasshiyar iskarmu ta fi kowace iya adana shi. Gwajin ba shi da wuya: a zura sanda har ta tsaya, a yi alama, a fito da ita a shimfiɗa a jikin bututun daga waje. In ƙarshenta bai kai daidai kafar wuta ba, akwai abu a ciki. Kada a ce za a harba don a fitar da shi.

Ko babu komai a cikinta, ra'ayina shi ne bindigar gado ta zauna a matsayin gado. Tsatsa daga ciki take ci, inda ido ba ya gani.

Batun ƙirar gida ya fi wuya, domin ya taɓa sana'ar mutane. Maƙeranmu suna da hannu, wanda ya ga yadda suke fitar da kunama da ƙota daga tarkacen ƙarfe ba zai raina su ba. Matsalar tana ga bututu. Bututun ruwa an yi shi ne don ruwa, yana da ɗinki a tsawonsa, ɗinkin kuma shi ne inda yake buɗewa. Turawa ma sun sha wannan wahala kafin su kafa gidajen gwaji, inda ake harba kowane bututu da ɗurin da ya fi ƙa'ida, babu mutum kusa, in ya tsira a buga masa hatimi. Liyej ta wajabta haka tun 1672, Bamingam ta buɗe nata gidan a 1813. Kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan bindigogi a yau, kamar Pedersoli na Italiya, ta wannan ƙofa kayansu ke fita. Bututun da bai bi ta irin wannan gwaji ba, fuskar mai harbi ce wurin gwajinsa.

Abin da doka ta ce, da inda bidiyo ke ruɗar mutane

A Amurka, dokar tarayya ta 1968 ba ta sa bindigar ƙanƙara cikin jerin bindigogin da ta ɗaure ba, ko da yake jihohi na da nasu sharuɗɗan. Pensilbeniya har lokacin farauta na musamman take ware mata bayan Kirsimeti. A Faransa baligi na iya sayen irinta ba tare da lasisi ba. Wannan shi ne abin da samari ke ji, su ɗauka haka abin yake ko'ina.

A Nijar mallakar bindiga a kan izinin hukuma take, kuma tun 1994 ƙasar ke da hukuma ta musamman mai tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. Farauta ma tana da dokarta ta 1998, mai bukatar takardar izini, mai kuma kare wasu namun daji gaba ɗaya, irin waɗanda aka keɓe wa gandun Termit da Tin Tuma a 2012. Ga kuma halin tsaro da yankin ke ciki. Saurayin da aka tare a shingen jandarma da doguwar bindiga da gwangwanin albarushi a kan babur, bayanin cewa ta ƙarni na 18 ce ba zai fisshe shi ba. Don haka matakin farko ba sayen bindiga ba ne. A je wurin hukuma, a faɗi irin bindigar da abin da za a yi da ita, a nemi amsa a rubuce, har da batun saye da ajiyar albarushi.

Masu cewa a hana, da masu cewa a bari

Masu son a hana suna da hujja. Sun ga yatsun da suka guntule da idanun da suka tafi a wajen biki, sun san kuma harbin da babu dalma ma yana raunata mutum, domin tsumman toshiya da harshen wuta suna fita da ƙarfi, doki kuma na iya firgita cikin taro. Makiyaya da manoma na da nasu kukan: ƙyallen da ya fita daga bututu yakan faɗi yana ci, kuma bayan kaka, lokacin da ciyawa ta bushe a wajen Tanut da Gure, wannan ya isa ya cinye makiyaya guda.

Masu son a bari su ma ba su yi ƙarya ba. Hawan Salla babu ƙarar bindiga ya rage armashi, kuma ilimin da ke hannun dattawan ƴan bindigar fada, na gyaran dutse da sanin halin gari a damina da hunturu, ba a rubuce yake ba. In aka hana, ba ɓacewa bindigogin za su yi ba, ɓuya za su yi, mai koyo ya rasa wanda zai tsaya a kansa.

Ni ina tare da masu cewa a bari, amma da sharaɗin da wasunsu ba za su so ji ba: a ajiye awon tafin hannu, a kuma daina gasar wa ya fi ƙara. Dattijon da ya shekara yana harbi lafiya da awon ido ya san bindigarsa guda ɗaya ne, da garin da ya saba da shi. Yaron da ya kwaikwayi hannunsa da wata bindigar da wani garin bai gaji wannan sanin ba. Ma'aunin tagulla abu ne da kowane maƙeri a kasuwar Dole zai iya yi, kuma shi ne hanyar da sanin dattijo zai zama adadin da za a iya miƙa wa wani. Da dattawan, da maƙera, da hukuma za su zauna su tsayar da awo ɗaya na harbin biki, da tazara tsakanin ƴan bindiga da ƴan kallo, da duba bututu kafin kowace Salla, da an rage yawancin abin da ake kuka da shi.

Bayan harbi: wanki da ajiya

Fiye da rabin abin da baƙin albarushi ke bari idan ya ci, dauɗa ce mai gishiri-gishiri da ke jan danshi daga iska. A watan Agusta kwana ɗaya ya isa ta fara cin ƙarfe. Wankin a ranar ake yin sa, kuma da ruwa, domin mai ba ya narkar da gishiri. A cire ƙugiyar da kaskonta a wanke su dabam, a toshe kafar da ɗan tsinke, a zuba ruwa a bututu a zubar, a yi ta zura tsumma har ya fito fari, a busar sarai, sannan a shafa mai kaɗan. Ko a unguwar da ruwa ke wahala, kofi biyu sun wadatar. Kafin ɗuri na gaba a goge man, in ba haka ba ya jiƙa gari.

Albarushi ya zauna cikin mazubin da ya zo da shi, a rufe, a wuri mai sanyi da kulle, ba a kwalba ba. Ya yi nesa da madafa, da tukunyar gas, da kwalaben fetur da wasu gidaje ke ajiyewa don sayarwa, da mai shan taba. Ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba wurinsa ba ne. Bindiga kuma a ajiye ta babu ɗuri, a cire mata dutse, a sa dutsen a wani wuri dabam da yara ba su sani ba.